Jirgin Shaƙatawa da Ƙafar Yaya Rabe

KATSINA

Tun kafin kiran assalatu muka ɗaura kaya a mota a ƙofar gidan Yaya da ke Ƙofar Sauri. Muka jira aka yi sallar asuba a masallacin unguwa, sannan muka kama hanya. Mu uku ne: Alhaji Rabe dilan siminti, wanda yake wana uwa ɗaya uba ɗaya, da Sule direbansa, da ni Mani mai tsare masa sito a bayan Babbar Kasuwa.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka cika ƙasa, kowa yana rushe ginin ƙasa yana ɗora bulo, siminti kuwa tun yana kan mota ake saye shi. Kamfanin da yake ba Yaya kaya ya ce zai saka wa manyan dilolinsa da hutu a jirgin ruwa, a tashi daga Ikko a bi gaɓar teku a ga garuruwa a dawo. Aka ce kowa ya zo da mutum ɗaya.

Hajiya Binta matar Yaya ita ya kamata ta je, amma ta ce ko kwalekwale ba ta shiga, balle teku. Ita ta zaɓe ni. Dalili kuwa Yaya yana da ciwon sukari, kuma likita ya ja masa kunne cewa ko ƙaya ce ta soke shi a ƙafa kada ya kwana bai nuna ba, domin mai irin wannan ciwo ƙaramin rauni ne yake cinye masa ƙafa. Yaya bai taɓa ɗaukar maganar da nauyi ba.

Da za mu fita Hajiya ta tsayar da ni a soro ta ce, "Mijina ƙarami, ga amana nan. Ka sa mashi ido a ci da sha, ka sa mashi ido a ƙahwa. Shi ba ya jin magana, kai kau ba ka mantuwa."

Yaya ya leƙo daga mota ya ce, "Ke Hajiya, wa za ya tsare wani? Wannan da ko kaza ta yi tari sai ya sake alwala?"

Gaskiyarsa. Ni mutum ne mai yawan waswasi, kuma tun kafin a tashi tafiyar ba ta kwanta mini ba. Na je wurin malaminmu na tambaye shi ko za mu yi ƙasaru a hanya. Ya ce fatauci za mu ko ziyara? Na ce wai shaƙatawa ce. Ya ce wane gari muka nufa? Na ce inda jirgin ya tashi nan zai dawo. Malam ya ce, "To Mani, ka cika sallarka." Tun daga nan gabana yake faɗuwa.

FUNTUWA ZUWA ILORI

Muka fita ta Ƙofar Ƙaura, muka karkata a Yashe, muka wuce Malumfashi. Hantsi ya yi mana a Funtuwa, inda muka tsaya karin kumallo. Na lallaɓa na ce wa mai koko kada ta sa sukari a na Yaya. Ya kurɓa sau ɗaya ya gane, ya miƙa hannu ya zuba da kansa, cokali cike, yana kallona yana dariya. Ƙane ba ya riƙe hannun wansa a bainar jama'a.

Dajin Birnin Gwari ya yi mini tsawo, ina ta tunanin in taya ta fashe ina za mu sa kanmu. A Tegina sojoji suka tare mu. Ɗaya ya buɗe bayan mota ya ga butata da buzuna da jakar garin kunu da ƙullin kilishi, ya ce, "Makka za ku?" Sule ya ce, "A'a ranka ya daɗe, yawon teku Alhaji zai je." Sojan ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ji, suka yi ta dariya, suka ce mu wuce.

Mun haye gadar Jabba da la'asar. Na dubi Kwara na ce a raina, in wannan kogi ne kawai, to teku fa? Muka kwana a Ilori a gidan wani fatoma mai saukar da fataken goro, mutumin kirki, ya sa aka yi mana tuwon shinkafa. Da Yaya yake alwalar magariba na tsaya a bayansa kamar mai jiran buta, na dubi ƙafafunsa sarai. Lafiya lau suke. Na faɗi wannan ne don a san daga gida lafiya muka fita.

IKKO

Kashegari muka bi ta Badun muka shiga Ikko da azahar, amma cunkoson motoci bai bar mu mun kai masauki ba sai gab da magariba. Kamfani ya sauke mu a wani otal mai hawa da yawa. A nan muka haɗu da sauran diloli, cikinsu har da Alhaji Ndagi, Banufen Bida, tsohon abokin Yaya. Kun san Banufe da Bakatsine. Yana hango Yaya ya ɗaga murya ya ce, "Wa ya saki bawana ya zo Ikko ba izinina?" Yaya ya ce, "Ku riƙe shi, kada ya ga teku ya zaci Kwara ce ya hwaɗa kamun kihi."

Da safe wakilin kamfani ya tara mu ya faɗi ƙa'idojin jirgi. Ya ce babbar riga da hula ba laifi, amma ba a shiga ɗakin cin abincin yamma da buɗaɗɗen takalmi, sai sau-ciki. Yaya kuwa tun da aka haife shi faɗe yake sawa, irin na dukawan Katsina. Muka tafi wani babban kanti. Takalmin da ya fi kowane girma a kantin da ƙyar ya shige shi. Na durƙusa na danna bakin takalmin na ji babban yatsansa a matse.

Na ce, "Yaya, ko mu duba wani kanti?"

Alhaji Ndagi ya ce, "Wane kanti? Ƙafar noma ce, sai dai a yi masa na akwati."

Yaya ya buga ƙafa a ƙasa ya ce, "Daidai ni. Hwata ce, za ta saki." Ya biya muka fito. Sule ya juya gida da mota a kan sai mun dawo.

CIKIN JIRGI

Mun shiga jirgi a Apapa da hantsi. A bakin tashar jiragen siminti ne jere a kan ruwa iya ganin ido, suna jiran a sauke su. Yaya ya nuna su da baki ya ce, "Ka ga kuɗi can suna shan iska."

Jirgin namu fari ne, ya fi duk wani gini da na sani a Katsina tsawo. Yawancin mutanen ciki Turawa ne tsofaffi, waɗanda tun daga ƙasarsu suka biyo shi, ba don za su wani wuri ba, sai don su zauna a kan ruwa rana ta gasa su. Na tambayi wani ma'aikacin jirgin da ɗan Turancina na firamare, ya ce sana'ar ke nan, a sauke waɗannan a ɗebi wasu, shekara ta zagayo. Akwai wurin wanka a sama, maza da mata a haɗe, wanda tun da na gan shi sau ɗaya ban sake bi ta nan ba. Akwai ɗakin rawa, da kanti, da mai ɗaukar hoto da ke bin mutane, da wata Baturiya da ba ta da aiki sai bin kujeru tana tambayar kowa ko yana jin daɗi. Abinci kuwa ba ya yankewa. Ana kwashe wannan ana jera wancan.

Ɗakinmu ƙarami ne, gado biyu, ɗaya a kan ɗaya. Yaya ya ɗauki na ƙasa. Na dubi na sama na ga ba zan iya kwana a bisa kan wana ba, sai na shimfiɗa buzuna a ƙasa kusa da ƙofa. Nama ban taɓa ba tun da ban san wanda ya yanka ba. Burodi da kifi da kununa suka riƙe ni. Yaya kuwa ya samu abin da yake so. Teburinsu ɗaya da manyan kamfani, kowace yamma ya sa sau-cikinsa ya tafi, a kawo masu kayan zaƙi kala-kala. Ni ana zaunar da ni can baya tare da 'yan rakiya, ina hango cokalinsa yana hawa yana sauka.

ABIJAN

A Abijan aka sauke mu aka zuba a manyan motoci, da wani mai bayani riƙe da ƙaramar tuta. Aka kai mu kasuwa, aka kai mu inda ake sassaƙa gumaka don baƙi, aka kai mu wani babban otal wai mu kalli kyansa. Duk inda aka tsaya sai masu talla su yanyame mu, kuma na lura mai bayanin ya san su duka. Yaya ya ƙi sa faɗensa, ya ce ba za a yi masa hoto da Turawa yana kamar ɗan ƙauye ba. Yini guda yana tafiya a cikin takalmin nan, ga zafi, ga gumi. Da za mu hau tsanin jirgi na ga yana ɗan ɗingishi. Na tambaye shi, ya ce gajiya ce.

A alwala na gane. Ni ba na iya ganin mutum yana alwala ban bi shi da ido ba, hali ne da na rasa yadda zan yi da shi. Da asuba na ga Yaya ya wanke ƙafar dama sau uku, ta hagu kuwa bai cire safa ba, ya jiƙa hannu ya shafa a kai. Da azahar haka. Da la'asar na daure na durƙusa na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, na ga kamar ba ka wanke ta hagu."

Ya ce, "Yanzu alwalata kake ƙirgawa?"

"A'a Yaya. Dan Allah in gani."

Ya daɗe yana hararata, sannan ya zare safar. Babban yatsan ya kumbura, fatar gefensa ta saluɓe, wurin ya yi ja yana ruwa. Bai fi faɗin kwabo ba. Na ce mu je wurin likitan jirgi yanzu.

Ya ce, "Zamna, Mani. In likita ya gani kwantar da ni za ya yi. Manyan kamhwani su ji Rabe ba shi da lahiya, su ce wannan ya kusa, su ɗauki kasona su ba Ndagi. Ka san mutum nawa ke cin tuwo a bakin simintin nan? Har da kai. Jibi babban Baturen kamhwani za ya zamna da ni mu yi maganar kaso na baɗi. In an gama sai a ga likita. Ban yarda ka hwaɗa ma kowa ba."

Na ce to. Na dafa ruwa da gishiri na wanke masa, na ɗaure da tsumma mai tsabta. Da yamma ya tura ƙafar cikin takalmi yana cije leɓe, ya gyara hula ya tafi.

TSAKIYAR TEKU

Daga Abijan zuwa Dakar ba a tsaya ko'ina ba. Ruwa gaba, ruwa baya, ba tsuntsu ba itace. A wannan tsakani ne na san me ake kira rashin dabara. Likita yana nan hawa ɗaya a ƙarƙashinmu, ƙofarsa fara, na wuce ta gabanta ban san iyaka ba. In na kai hannu sai in tuna Yaya ya hana. In na juyo sai in tuna Hajiya a soro. Na rasa wanda zan saɓa wa a cikinsu, ga ba malamin da zan tambaya.

Ana nan ana ta shagali. Ran nan aka yi gasar jifa da zobe, ran nan aka yi wasan sa kayan ban dariya. Baturiyar nan ta same ni a jingine da ƙarfen gefen jirgi, ta ce me ya sa ba na murmushi? Ta ba ni wata hular takarda. Na karɓa don kada in ba ta kunya.

Yaya ya yi zamansa da babban Baturen, ya dawo yana murna, ya ce an ƙara masa kaso. Na ce to Alhamdu lillahi, sai likita. Ya ce a bari a kai Dakar. Da na kwance tsumman na ga yatsan ya yi baƙi, baƙin ya kama na kusa da shi, jan kuma ya hau har idon sawu. Na danna, ya ce bai ji komai ba, wai alamar sauƙi ce. Ɗakin ya soma wari. Ya sa na sayo turare a kantin jirgi na fesa.

Kashegari da safe zazzaɓi ya rufe shi, ya kasa tashi sallah. Alhaji Ndagi ya leƙo yana cewa, "Ina raggon Katsina, ko teku ta kayar da shi?" Yana shigowa ya tsaya cik. Wasa ya ƙare. Ya dube ni ya ce, "Mani, tun yaushe?" Na faɗa masa. Ya ce, "Tashi ka kira likita. In ya yi faɗa ka ce ni na aike ka." Yaya ya buɗe ido ya ce, "Mani, kada ka tahi." Na tafi. Wannan ne karo na farko a rayuwata da ya ce kada in yi abu na yi.

Likitan ya zo ya duba, ya yi masa allura, ya fita da ni waje. Abin da na tsinta a Turancinsa shi ne, ba aikin jirgi ba ne, sai babban asibiti, kuma gobe da mun isa Dakar za a sauke mu. Ya ƙara da cewa a bar ƙofar ɗakin a rufe, kada hankalin sauran fasinjoji ya tashi.

DAKAR

Tun da sassafe, kafin masu yawon gari su fito, aka sauke Yaya a kan gadon ɗauka ta wata ƙaramar ƙofa ta bayan jirgi, inda ake shigar da kayan miya. Wakilin kamfani ya raka mu asibiti, ya ce kamfani zai ɗauki nauyin komai, ya bar mu a hannun wani ɗan ƙasar da ban sake ganinsa ba sai ranar tafiya. Alhaji Ndagi ya so ya zauna, Yaya ya ce ya tafi. Da la'asar ina tsaye a barandar asibiti na ji jirgin ya yi kuka. Na hango shi yana fita, fari tas, tutocinsa suna kaɗawa. Zai je tsibirin Sifaniyawa da su, ba abin da ya ragu a cikinsa sai mu biyu.

A asibitin ba mai jin Turanci balle Hausa, Faransanci ne da yaren garin. Likitoci suna magana a kan ƙafar Yaya, ni ina kallon bakinsu. Da yunwa ta kore ni waje na ji ƙanshin tsire a bakin titi, na matsa, sai na ji mai tsiren yana ce wa wuta, "Haba ke kau, kama mana." Na yi masa sallama da Hausa. Ya ɗago ya ce, "Kai, daga ina?" Na ce Katsina. Ya ajiye wuƙa ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ni Sha'aibu, mutumin Maraɗi. Ai gida ɗaya ne." Na fashe da kuka a gaban tukubarsa, ban ji kunya ba.

Malam Sha'aibu ya rufe tukuba ya bi ni ciki ya zama bakina. Likita ya yi bayani, Malam Sha'aibu ya juya mini da Hausa. Ƙafar ta mutu har kusa da gwiwa, dafin yana shiga jini. In an yanke a ƙasan gwiwa akwai rai. In an bari, ba a ba shi kwana uku ba.

Yaya yana cikin hayyacinsa lokacin, ya ji komai. Ya ce, "Ka hwaɗa masu a'a. Da ƙahwa biyu na zo duniya, da biyu za ni koma. A kai ni gida in mutu a Katsina." Sannan ya kamo wuyan rigata ya jawo ni ya ce, "Mani, ko na hita hankalina, kada ka bari. Ka ji ni?" Na kau da kai. Ya sake cewa, "Ka ji ni?" Na ce na ji.

Likita ya ce ba jirgin saman da zai ɗauki mutum a wannan hali. Muka je gidan waya da Malam Sha'aibu don in ji ta bakin Hajiya ko kawunmu. Muka yini a kan benci, mai haɗa waya tana cewa layin Nijeriya bai shiga ba. Muka tafi wurin limamin wani masallaci, dattijo mai farar ƙasumba. Malam Sha'aibu ya faɗa masa da yarensu. Liman ya ce ceton rai wajibi ne. Na ce a tambaye shi, in mai ran da kansa ya hana fa, kuma wana ne? Liman ya buɗe tafin hannuwansa ya ce Allah ne masani, Allah ya ba ni mafita.

Da muka koma Yaya ba ya gane kowa. Yana kiran sunan mahaifiyarmu da ta rasu, yana cewa a rufe sito hadari ya taso. Likita ya tsaya a bakin gado ya dube ni. Malam Sha'aibu ya ce, "Shina tambaya, kai ne ɗan'uwanshi, mi ka ce?"

Na ce, "Malam Sha'aibu, in kai ne fa?"

Ya ce, "Wallahi ɗan'uwa, ba ni ɗaukar maka wannan. Naka ne."

Na dubi Yaya, na dubi ƙafar. Na ce a yanke.

Bayan an gama na tambayi inda za a kai ta. Aka ce ƙonawa ake yi. Na ce ba za a ƙona naman Musulmi ina tsaye ba. Malam Sha'aibu ya yi ta fama da su har suka ba mu ita a naɗe. Na sayi farin yadi a kasuwa, na wanke ta da hannuna, na naɗe. Muka shiga motar haya zuwa wata babbar maƙabarta a bakin teku, ina rungume da ita a cinyata. Mai gadin ya nuna mana can gefe. Wurin duk rairayi ne fari, in ka haƙa sai ya zubo. Muka haƙa iya ƙarfinmu muka sa ta muka rufe. Ban san addu'ar da ake yi wa ƙafa ba, sai na karanta Fatiha. Na nemi dutse ko itacen da zan kafa ban samu ba. Kafin mu kai bakin ƙofa na waiwaya, iska ta riga ta shafe sawunmu.

Yaya ya farfaɗo a rana ta biyu. Ina zaune a gefensa. Na ga hannunsa yana bin mayafi a hankali har ya kai inda ba komai. Ya dube ni. Na ce, "Sannu Yaya." Ya juya fuskarsa bango. Duk zaman da muka yi a asibitin nan, ya yi magana da Malam Sha'aibu, ya yi wa masu jinya godiya da hannu, amma ni ko ruwa na miƙa masa sai in ajiye a kan tebur wani ya ba shi.

HANYAR GIDA

Da ciwon ya kama warkewa kamfani ya sa mu a jirgin sama zuwa Ikko, daga nan zuwa Kano. Malam Sha'aibu ya raka mu filin jirgi da ƙullin tsire. Na rasa abin da zan ba shi, na ba shi buzuna. A Ikko Alhaji Ndagi ya zo ya tarye mu, su sun daɗe da dawowa. Ya kawo wa Yaya hotunan da aka yi masu a jirgi. Bai yi wasa ko ɗaya ba, shi ma Yaya bai tsokane shi ba.

Sule yana jiranmu a Kano, waya ta riga ta isa gida. Da ya ga an turo Yaya a keke ya cire hula ya rufe fuska da ita. Muka kama hanya da hantsi, Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Charanci. A wani shinge ɗan sanda ya leƙo ya ga sandunan guragu a kan kujera, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗaga mana hannu.

Mun shiga Katsina bayan azahar. Ƙofar gida cike da mutane, 'yan kasuwa da maƙwabta da leburorin sito. Na zagayo na buɗe wa Yaya ƙofar mota na sunkuyar da kafaɗata. Ya kira Sule. Sule ne ya shigar da shi. Jama'a suna ta cewa, "Alhamdu lillahi da rai, Alhaji. Tun da da rai ai da sauƙi." Hajiya ta aiko mini da fura a soro, ba ta fito ba, ni ma ban nemi shiga ba.

Bayan la'asar, da mutane suka ragu, aka ce Alhaji yana kirana. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofa. Yana kishingiɗe, an rufa masa bargo.

Ya ce, "Mani."

"Na'am Yaya."

"Ƙone ta suka yi?"

"A'a Yaya. Na karɓo ta. Na wanke ta, na sa ta a farin yadi, muka rufe ta a maƙabartar Musulmi."

Ya kalli rufin ɗaki. Sannan ya ce, "Ka iya gane wurin?"

Na ce, "Ina zato, Yaya."

"To. In na ƙara jin ƙarhi za ka kai ni in gani. Tashi ka tahi gida, iyalinka na jira."

Ina godiya ga Allah da Ya dawo da mu. Ina godiya ga Malam Sha'aibu na Maraɗi, wanda ya rufe sana'arsa saboda mutanen da bai taɓa gani ba, da Alhaji Ndagi, da Sule, da duk waɗanda suka zo sannu da zuwa. Masu tare ni a kasuwa suna tambaya yaya daɗin jirgin ruwa, ga abin da na gani, ban rage ba ban ƙara ba.

Yaya yana samun sauƙi. Ya fara takawa da sanduna daga ɗaki zuwa soro, jiya har ƙofar gida. Kowa yana murna da ƙarfin da yake ƙara ji. Ni kuwa in na rufe ido don in tuna wurin, ba na ganin komai sai farin rairayi.